Don Hilarión da Takardar Busasshiyar Rijiya

Idan ka tambayi Don Hilarión Panire wa ya fi kowa wayo a Turipaya, ba zai ɓata maka lokaci da kawaici ba. Zai gyara zaman malafarsa, ya doka sanda a ƙasa, ya ce ai ga ka a gabansa. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sandar alƙalin ruwa, kuma bai taɓa yarda cewa wani mahaluƙi ya yi masa wayo ba, har da matarsa Doña Fresia, wadda ta fi shekara arba'in tana juya shi yana zaton shi ke tuƙi.

Ba don ilimi aka ba shi sandar ba, ko ya rantse maka kada ka yarda. A Turipaya magudana ɗaya ce tal ke sauko da ruwa daga idon ruwan da ke gindin dutse, ta ratsa lambuna saba'in da wani abu, kowa da ranarsa da awanninsa. Tun kakanni kuwa ba a ba mai rabo a magudana alƙalancin ruwa, don an san halin ɗan Adam idan masararsa ta fara yaushi. Sai a nemo wanda ba shi da ko minti ɗaya a ciki, kuma a duk ƙauyen Hilarión ne kaɗai haka. Lambunsa na can ƙasan gari, gaba da inda magudanar ta ƙare, a wani kwari da ƙasarsa ba ta rabuwa da damshi. Bishiyar ɓaure goma sha ɗaya ke wurin, kakarsa ce ta dasa su, kuma ba wanda ya taɓa zuba musu ko ludayi guda, saiwoyinsu ke sha daga ƙasa. Su ne cin gidan. Doña Fresia ta shanya 'ya'yan a kan rufi ta kai kasuwar birnin Calama, da su aka yi wa yara uku makaranta har suka watse birni.

Duk watan Oktoba ana tsayar da ruwa kwana uku a yashe magudana. Kowane mai rabo sai ya shiga da shebur ya yashe tsawon da aka auna masa, ko tsoho ne, ko wanda ya zo daga birni da farin takalmi. Wanda bai shiga ba, ba shi ba ruwa. Alƙali kuwa a kan gaɓa yake takawa, ƙafa a bushe, yana nuni da sanda. A nan Don Hilarión ke baje kolinsa.

"Don Abdón, yasa kake yi ko susa kake wa ƙasar?"

"Doña Ubaldina, wannan laka da kika bari ta gadon jikokinki ce?"

Doña Ubaldina Berna ita ce shugabar taron gari, mace mai baki kamar reza. Sai ta ɗago, laka har gwiwa, ta ce, "Sauko ka nuna mana mana, ranka ya daɗe."

"Ni? Allah ya shayar da ni ta ƙasa, ku ya bar ku da shebur. Ki je ki tambaye Shi dalili."

Haka ake sha da shi duk shekara, ana cizon yatsa.

To, akwai wata rijiya a bayan gidansa. Mahaifinsa ne ya haƙa ta, ya tarar da ruwan zartsi da ko jaki ba ya sha, ya watsar. Daga baya ma ta ƙafe ƙaf, aka kife bakinta da tsohon kwanon rufi, kajin Doña Fresia suka mayar da wurin dandali. Amma lokacin da Hilarión ke saurayi, hukuma ta ce duk mai ruwa ya zo ya rubuta a ba shi takarda. Shi kuwa ya taɓa yin masinja shekara biyu a wani ofis a Calama, ya dawo da ƙaunar hatimi a zuciyarsa. Ya shiga mota ya tafi. Akawu ya tambaye shi lita nawa rijiyar ke bayarwa a daƙiƙa, shi da bai saba faɗin ƙaramin abu game da kansa ba ya ce takwas. Aka rubuta takwas, aka buga hatimi. Ya dawo ya sa takardar a gilashi ya rataya a bango, inda daga baya hoton aurensu ya zo ya same ta, mutanen gari suka yi dariya har suka gaji suka manta.

Ana nan sai kamfanin haƙar tagulla ya zo bayan dutse ya buɗe rami, irin ramin da za a zuba Turipaya da cocinta da maƙabartarta a ciki a rasa inda suka shiga. Ramin ya datse hanyar ruwan ƙasa. Ruwan da ya saba fitowa a idon gari sai ya riƙa tsiyaya a ramin, su kuma suna zuƙewa suna wanke duwatsunsu. Ido ya ja baya. Ruwan da ke zagayo wa mutum bayan kwana goma sha biyu ya koma kwana ashirin. Aka yi ta faɗa, surukai suka daina gaisawa, Don Hilarión kuwa na tsaka yana raba gardama yana jin daɗin ransa, don ɓaurensa ko gezau.

Bayan shekaru ana kai ƙara ana dawowa, hukuma ta ce wa kamfani lallai ya mayar wa magudana ruwan da ya ɓatar. Sai dai kamfani ba shi da ikon ɗebo ko kofi ɗaya daga ƙasa sai da takarda, sabuwar takarda kuwa an daina bayarwa a wannan kwarin. Saura tsofaffin takardu. Aka duba littafin hukuma, sai ga sunan Hilarión Panire da lita takwas ɗinsa.

Wata lauya ce ta zo, Señorita Urrutia, a farar mota, da gorar ruwanta a hannu don ba ta shan namu. Ta zauna a falonsa ta yaba ɓaure, ta yaba hoton aure, sannan ta yaba abin da ke kusa da hoton.

"Don Hilarión, wannan takardar muke so mu saya."

Ya zaci za ta ce a je a ga rijiyar. Ya fara kame-kame. "To, 'yata, ita rijiyar dai kin san tana da lokutanta. Wani lokaci takan ɗan huta."

"Kada ka damu da rijiyar. Ka bar wa kaji abinsu."

Tabɗi! Da ta tafi sai da ya zagaya ɗakin sau uku yana dariya shi kaɗai. Wai ga masu digiri, ga masu jirgin sama, sun zo sayen iska a hannun ɗan Panire. Sau uku yana sa ta dawo, yana shan ƙamshi, yana cewa gadon uba ne, sai ya yi shawara da zuciyarsa. Doña Fresia tana jin su daga kicin. Ranar da za a sa hannu ta tare shi a ƙofa.

"Tsoho, mutanen da suka cinye dutse sukutum ba za su sayi ramin kaji don suna ƙaunarka ba. Ka tambaye ta me za su yi da ita."

"Ke dai ɓaure kika sani. Harkar takarda ki bar wa masu ita."

Kuma don Allah kada a ɗora wa yarinyar nan laifin da ba nata ba. Ta karanta masa komai da babbar murya, har da shafin da ya ce mai takarda na iya neman a mayar da wurin ɗiban ruwan zuwa wani wuri a cikin kwarin. Yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, hankalinsa na can kan wata jar a-kori-kura da ya gani a Calama. Ya sa hannu da irin sa hannun nan nasa mai jela.

Ya sayi jar motar, ko da yake tuƙinsa bai wuce daga gida zuwa coci ba. Ya sa sababbin haƙora farare tas, waɗanda suka ɗan fi bakinsa girma. Duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ji labarin yadda aka sayar wa kamfani iska.

Bayan wata huɗu sai ga wata ƙatuwar motar haƙa ta sauko ƙasan gari, ta wuce gidansa, ta tsaya a filin hukuma da ke bayan katangar lambunsa, jifa ɗaya daga ɓauren ƙarshe. Ya fito da sandarsa yana murmushi.

"Samari, kun yi ɓatan kai. Rijiyar tana bayan gida."

Injiniyan ya ce ba su ɓata ba, an mayar da takardar nan ne, don nan ruwan yake. Don Hilarión ya ce to ɓaurensa fa? Injiniya ya buɗe masa wata taswira mai launi-launi, ya ce su can ƙasa za su je, mita ɗari da ashirin, ruwan sama daban na ƙasa daban, bincike ya nuna. Kalmar bincike ta yi wa Don Hilarión daɗi. Ya koma gida ya faɗa wa Doña Fresia cewa bincike ya nuna, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta.

Aka haƙa burtsatse, aka kafa inji, aka ja baƙin bututu ya hau tudu har kan idon ruwa. Ranar buɗewa kamfani ya kafa rumfa, ya yanka lama biyu, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, aka dafa faten masara tukunya-tukunya. Tunda alƙalin ruwa ke yi wa duwatsu godiya duk lokacin da za a saki ruwa, shi aka gabatar. Ya durƙusa a bakin bututun roba, ya zuba ruwan inabi da hannun dama, ya watsa ganyen koka da mutanen wurin ke taunawa, ya kira sunayen duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana gode musu. Wani ya yi magana a waya, can ƙasa aka danna maɓalli, ruwa ya yi tsalle ya fito. Manyan kamfani da hulunan kwanonsu suka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Doña Ubaldina ta matso kusa da shi ta ce, "Ka gode wa duwatsu, ka manta da mai ba injin mai."

"Ki sha ruwa ki yi shiru, baiwar Allah. Ba don takardata ba da yanzu kina ban-ruwa da hawaye."

Magudana ta cika har tana tumbatsa. Zagaye ya dawo kwana goma sha biyu, surukai suka koma gaisawa. Lita takwas a daƙiƙa, dare da rana, ba Lahadi ba ranar biki, daidai yadda wani saurayi mai cika baki ya faɗa wa akawu.

Shekarar farko ba a ga komai ba, sai dai ciyawar da ke gindin katanga ta yi ja. A ta biyu ƙasar lambun da ke manne wa takalmi ta koma gari. A tsakiyar zafin Janairu, don a can lokacin ne bazara, ganyen ɓaure ya fara rawaya tun daga bishiyar da ke kusa da injin, 'ya'yan suka riƙa zubowa ƙanana, a yamutse. Wata rana da rana Doña Fresia ta ajiye masa faranti a gabansa, ya buɗe, sai ya ga su ne a ciki guda bakwai, busassu kamar kashin awaki. Ta koma ta zauna tana kallonsa. Ran nan dai haƙoran nan ba su tauna komai ba.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa sani ba. Ya ɗora durom biyu a jar mota ya riƙa jido daga famfon gari, har aka yi masa magana cewa na sha ne. Da ma me durom biyu zai yi wa bishiyar da ta shekara ɗari tana sha daga ƙasa? Ya sa kwat ya tafi ofishin kamfani a Calama. Señorita Urrutia an yi mata ƙarin girma ta koma babban birni. Wani saurayi mai ladabi ya ba shi kujera da shayi, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce lallai za a yi bincike, yakan ɗauki kamar shekara biyu. Ya rako shi har ƙofa, ya ba shi hula mai tambarin kamfani da kalanda.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikinsa. Kullum da safe shi ke ɗaga ƙofar ruwa ya sakar wa wannan, ya rufe ya sakar wa wancan, yana kallon ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashin ɓaurensa yana shiga masarar Don Abdón. A nan kam a yaba masa, bai taɓa karkatar da ko ɗigo ba. Ko tsoron Allah ne, ko kuwa don ya san yawan mutanen da ya kunyata a kan satar ruwa suna nan da ransu suna jira, oho.

A taron gari na watan Maris ya miƙe, ya cire malafa. Ba a taɓa ganin tsakiyar kansa a taro ba sai ran nan.

"Jama'a, ina neman rabo a magudana. Ko awa biyu ne."

Doña Ubaldina ta gyara tabarau ta ce, "Don Hilarión, kai ne alƙali. Faɗa mana yadda ake yi wa mai neman sabon rabo."

Ya faɗa da bakinsa, don ba wanda ya fi shi sani. Mai nema sai ya jira yasar Oktoba, ya shiga da shebur kamar kowa, a ranakun ne kaɗai ake fasa sabuwar hanya a haɗa da magudana, kuma shi ne na ƙarshe a layi. In alƙali ne, ya ajiye sanda.

Doña Fresia ta tashi daga bayan ɗaki. "Ku dubi Allah, ba don shi ba. Shi kam ya san abin da ya yi. Bishiyoyin nan ba za su kai Oktoba ba, ku bari a fasa hanyar yanzu."

Wasu suka fara gyaɗa kai, don ba wanda bai ci ɓauren Fresia ba. Sai Don Abdón ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba mai riƙo ba ne, amma lokacin da ɗansa ya dawo daga birni ya dasa rumman arba'in ya zo neman rabo a watan Janairu, wani mutum mai sanda ya ce masa al'ada ba riga ba ce da za a rage wa kowa daidai jikinsa. Rumman ɗin duk suka mutu, yaron ya koma birni bai sake dawowa ba. Ya ce shi dai tambaya yake, an canza al'adar ne bai ji ba?

Aka ɗaga hannu. Ba a canza ba.

Sanyi ya shigo, ganyen da ya rage ya zube, kamar yadda na kowa ke zubewa. Wannan ya ba Don Hilarión abin riƙewa. Duk wanda ya leƙo ta katanga sai ya ce masa barci suke yi, ɓaure akwai taurin rai, bari dai ruwa ya zo ka gani.

Oktoba ta zo. Ya miƙa wa Doña Ubaldina sanda a gaban kowa ta riƙe kafin a samo wani marar rabo, ya naɗe ƙafar wando, ya cire haƙoran ya sa a aljihu don kada su faɗa laka, ya shiga magudana yana da shekara saba'in da ɗaya. Ai kuwa gari ya samu abin da ya daɗe yana jira.

"Don Hilarión, yasa kake ko susa?"

"A hankali, ranka ya daɗe, ta wancan gefen ake riƙe shebur!"

Ya ci gaba da yasarsa. Ranar farko aka yi ta shewa. A ta biyu tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, shewar ta ragu. A ta uku, da aka zo fasa sabuwar hanya daga ƙarshen magudana zuwa lambunsa, mutum ashirin suka shiga suka taya shi ba tare da ya roƙa ba, Don Abdón na gaba yana haƙa yana tsaki.

Layi ya zagayo kansa ranar wata Talata da hantsi. A lokacin ɓauren da ke cikin gari duk sun yi ganye shar. Doña Ubaldina ta sauko da kanta, ta duba agogo, ta ɗaga ƙofa. Ruwa ya gangaro a hankali yana tura busassun ganye, ya shiga lambun, ya bi gindin bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Don Hilarión na biye da shi da shebur yana gyara masa hanya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin mara lafiya. Da ya isa ta ƙarshe ya sa farce ya kankare ɓawon reshe. Babu kore. Ya koma ta kusa da ita ya kankare, ya bi su duka sha ɗayan, har da wuƙa, har jikin kututture.

Doña Ubaldina ta matso kusa da shi. Ta sassauta murya, abin da ba a san ta da shi ba.

"Don Hilarión, in ka yarda in rufe. Akwai masu jira a sama."

"Saura minti nawa?"

"Arba'in."

"To, nawa ne. A bar shi."

Aka bar shi. Ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, ga ƙugin injin ta bayan katanga, yana shayar da itace har minti arba'in ɗin suka cika. Doña Fresia ta fito daga gida, ta tako cikin ruwan ba ta ko cire takalmi ba, ta kama wani reshe mai kauri na babbar bishiyar ta ja. Ya karye ƙas, ba gardama. Ta saɓa shi a kafaɗa ta wuce ta gabansa zuwa kicin. Da shi ta dafa abincin rana, ta zuba masa, kuma ya ci.